Burodi da Kalacin Hantsi a Paris: Bayani ga Yaya da Mutanen Gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da su Inna da dukan 'yan uwa na Maradi, na rubuto maka wannan dogon bayani ne domin amsa tambayar da ka yi mini game da gidajen burodin ƙasar nan ta Faransa, tun da ka ce kana da niyyar zuba jari a wannan sana'a idan Allah ya hore. Na zaɓi in rubuta shi a fili saboda na san akwai masu irin tambayarka da yawa a gida, kuma abin da zan faɗa ba sirri ba ne. Zan gaya maka abin da ake sayarwa, da nawa ake sayar da shi, da yadda ake karɓar mai saye, sannan in faɗa maka abin da nake ganin zai yiwu a wajenmu da abin da ba zai yiwu ba.

Zan fara da dogon burodin nan da muka sani tun muna yara, wato baget, wanda Faransawa suka bar mana tun zamanin mulkin mallaka, har ya zama babu teburin mai shayi a Maradi ko Damagaram ko Yamai da za ka je ba ka same shi jingine cikin kwando ba. A nan unguwar da nake zaune, a arewacin Paris, ana sayar da na yau da kullum yuro 1.10 zuwa 1.20, mai kyau kuma, wanda suke kira na gargajiya, yuro 1.30 zuwa 1.50. Ka san yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma wannan canji a tsaye yake, don haka baget mai yuro 1.30 ya kama sefa 850 da 'yan kai. Idan ka ji wannan za ka ce ai tsada ke nan, tun da a gida sefa 150 ko 200 muke sayensa. To amma lissafin da ya kamata a yi shi ne na gumi. Mafi ƙarancin albashi a Faransa kusan yuro 12 ne a awa kafin a cire haraji da kuɗin inshora, wato lebura yana samun kuɗin baget ɗinsa cikin aikin da bai kai minti goma ba. A Nijar kuwa mafi ƙarancin albashi sefa 42,000 ne a wata tun farkon 2024, kuma idan ka raba shi bisa awoyin aiki za ka ga mai wannan albashi sai ya yi fiye da rabin awa yana aiki kafin ya samu kuɗin burodi guda. Saboda haka burodi a nan abincin talaka ne na haƙiƙa, a wajenmu kuwa har yanzu akwai gidajen da sai an yi baƙo ko an samu wani abu ake sayensa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Faransa ce ta fi kowace ƙasa ta Tarayyar Turai noman alkama, injinan niƙanta suna kusa da gonakinta, mu kuwa fulawarmu sai ta hau jirgin ruwa, ta sauka a tashar wata ƙasa, ta hau babbar mota, kowa a hanya ya ɗora ribarsa.

Abin da ya fi farashi jan hankalina shi ne yadda hukuma ta ɗaure sunan burodin da doka. A ranar 13 ga Satumba 1993 gwamnati ta fitar da dokar da ta fayyace abin da za a iya kira burodin gargajiya na Faransa: fulawar alkama, ruwa, gishiri, da yis ko tsamin kwaɓi, sai ɗan garin wake ko na waken soya ko na tsiron alkama da aka yarda a ƙara kaɗan ƙwarai, kuma ba a yarda a sa masa sinadarin kumburi ko na hana lalacewa ba, ba a kuma yarda a daskarar da shi a kowane mataki ba. A 1998 aka ƙara wata doka da ta ce babu wanda zai rubuta sunan gidan burodi a goshin shagonsa sai wanda yake kwaɓawa, ya bar kwaɓin ya tashi, ya cura, ya gasa, duk a wurin da yake sayarwa. Wanda yake karɓo daskararren kwaɓi daga masana'anta yana ɗumamawa yana da 'yancin yin cinikinsa, amma sai ya nemi wani suna. Wannan ne ya sa mai saye yana shiga shago ya riga ya san abin da zai samu, ba sai ya matsa burodin da yatsa ba, ba sai ya tambaya ko na jiya ne ba. Nauyin baget kusan giram 250 ne, farashin kowane iri a rubuce yake a gabansa, kuma wanda ya zo da motar alfarma da wanda ya zo da kayan aikin shara kuɗi ɗaya za su biya. Na daɗe ina tunanin wannan, domin a gida idan fulawa ta yi tsada ba a cika taɓa farashi ba, burodin ne yake ramewa, ya yi ta ƙanƙancewa har sai ka ga sunansa kawai ya rage, kuma babu wanda zai ce maka uffan.

Sana'ar ma ba a shigarta da ka. Yaro yakan yi shekara biyu yana koyo, wani mako a makaranta wani mako a gaban tanda wajen maigida, ana biyansa ɗan alawus, sannan ya zauna jarrabawa ya samu takardar da suke kira CAP. Ba a buɗe gidan burodi sai da mai irin wannan takarda ko mai shekarun ƙwarewa da doka ta amince da su. Aikin kuma ba na malalaci ba ne, domin mai gashi yakan shiga tun ƙarfe uku ko huɗu na dare, kuma ni da nake fita aiki bayan sallar asuba nakan wuce ta gefen shagon unguwarmu in ji ƙamshi yana fitowa ta tagar ƙasa alhali titi babu kowa. Kowace shekara tun 1994 hukumar birnin Paris tana shirya gasar baget mafi kyau, inda ake auna tsawo da nauyi da gishiri kafin alƙalai su ɗanɗana, kuma wanda ya yi nasara yakan samu kyautar yuro 4,000 tare da damar kai burodi fadar shugaban ƙasa ta Elysee har shekara guda. Abin da zai faranta maka rai shi ne wani haifaffen Senegal mai suna Djibril Bodian ya ci wannan gasa sau biyu, a 2010 da 2015, Mahmoud M'seddi mai asali da Tunisiya ya ci a 2018, Tharshan Selvarajah da ya zo daga Sri Lanka ya ci a 2023. Wato baƙi da 'ya'yan baƙi suna cikin waɗanda suke riƙe da wannan sana'a yanzu, kuma a unguwanni irin namu da yawa daga masu gidajen burodi mutanen Arewacin Afirka ne. A ƙarshen Nuwamba 2022 hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sa sana'ar baget cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, kuma a lokacin an yi ta ambaton cewa ana gasa kusan biliyan 6 a shekara a ƙasar, sai dai gidajen burodin hannu sun ragu daga kimanin 55,000 a 1970 zuwa kimanin 35,000. Manyan kantuna ne suke cinye su. A farkon 2022 kantunan Leclerc suka sa baget a kan santim 29 na yuro, masu gidajen burodi da manoman alkama suka yi ca a kansu, suna cewa an wulaƙanta guminsu. Irin wannan burodin na kanti yana cika ciki, amma araha ba ta ado, kafin yamma ya zama roba ko ya bushe ƙamas.

Na gargajiyar kuwa, idan aka miƙo maka shi da ɗuminsa cikin 'yar takarda, ɓawonsa ja-ja ne mai ƙarfi, yana ƙara idan ka matsa, cikinsa kuma ba fari fat ba ne, yana da ɗan launin madara da ramuka manya da ƙanana, saboda an bar kwaɓin ya daɗe yana tashi a hankali, wani lokaci har ya kwana cikin sanyi, sannan aka tsaga bayansa da reza aka jefa shi tanda mai zafin kusan digiri 250 tare da tururi. Mai sayarwa takan tambaye ka ko kana son wanda ya gasu sosai ko mai ɗan haske. Babu sukari a cikinsa ko kaɗan, wanda ya saba da burodin yanka mai zaƙi irin na Kano da Katsina zai ji shi salam da farko, amma idan aka haɗa shi da miya ko man shanu a nan ne ake gane amfaninsa. Ba ya kwana da kyau, don haka mutane suke saye kullum, wasu safe da yamma, kuma za ka ga dattijo cikin kwat yana tafiya gida da baget a hammata ya riga ya gutsure kansa yana ci a hanya.

Gefen burodi akwai akwatin gilashi na kayan man shanu, waɗanda kuruwasan (croissant), wato wani ɗan naɗaɗɗen burodi mai shimfiɗa-shimfiɗa, yake shugabanta. Asalinsa daga Vienna ta ƙasar Ostiriya ne, wani mutumin can mai suna August Zang ya buɗe shago a titin Richelieu na Paris wajajen 1839, Faransawa suka karɓi siffar suka sauya kwaɓin. Maigidan shagon unguwarmu, wanda muka saba saboda muna haɗuwa a masallacin Juma'a, ya bar ni na tsaya na ga yadda ake yinsa. Ana kwaɓa fulawa mai laushi da madara da sukari da gishiri da yis, a sa a firji ta kwana. Washegari a shimfiɗa kwaɓin, a ɗora masa faifan man shanu mai sanyi wanda nauyinsa ya kai kusan rubu'in na kwaɓin ko fiye, a rufe shi ciki, a murza da inji har ya yi tsawo, a ninka gida uku, a mayar firji ya huta, a sake murzawa a ninka, a sake. Ninki uku sau uku yana ba da shimfiɗar man shanu 27 tsakanin shimfiɗun kwaɓi, kowace ba ta kai kaurin takarda ba. Daga nan a yanka shi kusurwa uku-uku, a naɗe daga gindi zuwa tsini, a jera a faranti a bar shi ya tashi a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 27 ko 28 ba, a shafa masa ruwan ƙwai, a gasa. Cikin tanda ruwan da ke cikin man shanun yana zama tururi ya ɗaga kowace shimfiɗa daga 'yar uwarta, shi ya sa idan ka yanka mai kyau ka ga cikinsa kamar saƙar zuma, kuma ɓawonsa yana zubo maka a riga tun cizon farko. Maigidan ya nuna mini cewa dukan aikin a kan sanyi ya dogara: idan man ya yi laushi ya shige cikin kwaɓin, an tashi daga kuruwasan an koma burodi mai maiƙo, idan kuma ya yi tauri da yawa sai ya karye ya huda kwaɓin. Ana sayar da shi yuro 1.20 zuwa 1.50. Bisa al'ada miƙaƙƙe na man shanu ne, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata kuma na man gwangwani ne, ko da yake ba kowa ke bin wannan ba yanzu. Ka kuma sani dokar 1998 burodi kawai ta shafa, ba ta kai ga waɗannan ba, don haka shaguna da yawa suna gasa burodinsu da hannu amma kuruwasan ɗinsu daskararre ne daga masana'anta. Wanda yake yin nasa yakan rubuta a gilashi cewa aikin gida ne, kuma yana alfahari da hakan.

Da wannan kwaɓin ake yin mai sandar cakulan biyu a ciki, wanda a Paris ake kira pain au chocolat, mutanen Toulouse da Bordeaux kuma suna ce masa chocolatine, da kuma mai naɗi da busasshen inabi. Sai kayan zaƙi na gaske, irin su éclair mai tsawo da kirim a cikinsa, da mille-feuille, da Paris-Brest mai siffar tayar keke, wanda aka ƙirƙira a 1910 don tunawa da tseren keke tsakanin biranen biyu. Waɗannan daga yuro 3.50 zuwa 6 suke, a shagunan da suka yi suna kuma har su haura 8. Suna da kyan gani ƙwarai, an jera su sahu-sahu babu wanda ya karkace, amma a ɗanɗano ban ga inda suka fi alkakin da Inna take yi da zuma ba, ko dubulan da nakiya da ake haɗa wa amarya gara. Alkaki ma aikin kwanaki ne, sai an jiƙa alkama an barza, an bar ta ta yi tsami, an murza an naɗa, an soya an tsoma a zuma, kuma yana yin watanni bai lalace ba, alhali éclair ba ya wuce yini. Bambancin shi ne nasu yana da makaranta da takarda da akwatin gilashi mai sanyi da farashi a rubuce, namu kuwa yana cikin kwano a ɗaki, sai biki ya tashi ake tunawa da masu iya shi, kuma tsofaffin da suka ƙware suna tafiya ba tare da an rubuta ma'auninsu ba. Wannan yana damuna sosai.

Yanzu ga abin da ka fi tambaya a kai, wato zaman cin abinci a cikin gidan burodin. Wasu shagunan suna da tebura a ciki ko a bakin titi, kuma ranakun Asabar da Lahadi, daga wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku na rana, suna shirya kalacin hantsi mai nauyi wanda yake haɗa karin kumallo da abincin rana, suna kiransa brunch. Ba al'adar Faransawa ba ce ta asali, daga Ingila da Amurka ta shigo, domin Bafaranshe na da kofi da guntun baget da man shanu kawai yake karyawa da su. Wata Lahadi na je da abokin aikina mutumin Damagaram wani shago kusa da mashigin ruwan Saint-Martin, muka tarar da layi har waje, muka jira aka kira mu. Farashi ɗaya ne, yuro 30 kowane mutum, kuma an rubuta abin da ya ƙunsa a allo. Aka fara kawo kofi da madara, da ruwan lemun zaƙi da inji yake matsewa a gabanka, da kwando mai yankakken baget da kuruwasan da mai cakulan, da man shanu da miyar 'ya'yan itace mai zaƙi cikin ƙananan kwalabe. Bayan haka aka kawo faranti na ƙwai da aka dama a kan wuta kaɗan har ya yi laushi ba tare da ya bushe ba, da yankan jan kifi mai hayaƙi, da fiya a kan gasasshen burodi, da ganyen latas. Sai ɗan kwano na farin cuku mai ruwa-ruwa da zuma, wanda ɗanɗanonsa ya yi kusa da kindirmo, ba irin busasshen cukunmu na Abzin ba. A ƙarshe aka kawo burodin jiya da aka jiƙa cikin madara da ƙwai da sukari aka soya da man shanu. Komai ya yi daɗi, komai da tsabta, kuma an kawo tulun ruwan famfo kyauta, domin doka ta wajabta wa mai gidan abinci ya ba wanda ya zauna cin abinci ruwa ba tare da kuɗi ba. Ladan masu hidima yana cikin farashin, wanda ya ga dama ya bar ɗan canji, wanda bai bari ba babu mai harararsa.

To amma yuro 30 sefa 19,700 ne, wato kusan rabin mafi ƙarancin albashin wata a Nijar, a zama ɗaya na mutum ɗaya. Ko a ma'aunin nan ɗin, lebura sai ya yi aikin awa uku kafin ya biya. Da na lissafa kayan da aka kawo mana ɗaya bayan ɗaya bisa farashin kanti, na ga ba su kai rabin kuɗin ba, sauran kuɗin kujera ne da hayar shago da albashin masu aikin Lahadi da haraji, domin harajin abin da aka ci a zaune kashi 10 ne cikin ɗari, na burodin da aka tafi da shi gida kuma 5.5, shi ya sa tambayar farko da ake yi maka ita ce ko a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. Masu zuwa galibi matasa ne ma'aikatan ofis da 'yan yawon buɗe ido, suna ɗaukar hoton faranti kafin su taɓa shi. Ra'ayina shi ne mutum ya je sau ɗaya ya gani, amma alherin gidan burodin Faransa yana wajen baget na yuro ɗaya da 'yan kai da ake saye kullum, ba wajen wannan zama ba. Da kuɗin mutum ɗaya za ka sayi baget da kuruwasan da ƙwai da madara da lemu ka ciyar da iyali gaba ɗaya a gida. Kuma a wajen riƙe ciki, masa da miyar taushe, ko koko da ƙosai mai zafi da yaji, sun fi kai mai aikin ƙarfi azahar.

Akwai abin da ya wajaba in ja hankalin duk Musulmin da zai zo. Burodi kansa babu matsala, haka yawancin kuruwasan, amma kayan gishiri na cikin gilashi da yawa da naman alade ake yinsu: quiche lorraine, da croque-monsieur, da baget mai yankan nama da man shanu da suka fi ci da rana. A faranti irin na kalacin hantsi ma sau da yawa soyayyen naman alade ne ke zuwa da ƙwai idan ba ka ce a musanya maka da kifi ba. Kayan zaƙi ma sai an yi tambaya, domin baba au rhum da giya ake jiƙa shi, canelé na Bordeaux da giya ake kwaɓa shi, wasu suna ɗiga ta cikin kirim ko cikin ruwan sukarin da ake jiƙa kuruwasan mai almon (wata ƙwaya da ake ci kamar gyaɗa), sannan masu santsi da sheƙi sukan ƙunshi sinadarin daskarwa da ake samu daga fatar alade. Dokar Turai ta tilasta a bayyana abubuwa 14 da suke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da ƙwai da madara da riɗi, amma alade da giya ba sa cikin jerin, don haka bakinka ne zai cece ka. Abin yabo shi ne idan ka tambaya ana gaya maka gaskiya, idan mai sayarwa ba ta sani ba takan shiga ciki ta tambayo mai gashi. A unguwanni irin su Barbès da Saint-Denis kuwa akwai shagunan Musulmi da suke amfani da naman talotalo na halal, kuma da azumi sukan cika gilashi da kayan zuma na Arewacin Afirka.

Game da karɓar mai saye, kowane ɓangare yana da abin da ya fi. A nan ana bin layi ba tare da an ce a bi ba, ana fara gaisuwa kafin a faɗi abin da ake so, kuma wanda ya shiga bai gaisa ba zai ga fuska ta sauya. A shaguna da yawa mai sayarwa ba ta taɓa kuɗi, akwai injin da kake zuba tsaba ya mayar maka da canji, ko ka ɗora kati, domin hannun da ya taɓa burodi kada ya taɓa kuɗi. Amma duk cinikin ba ya wuce minti ɗaya, babu tayi, babu gyara, babu bashi. Mai shayin bakin layinmu kuwa ya san yawan sukarin kowa, yana yanka maka burodi daidai kuɗinka ko da na sefa 50 ne, yana rubuta maka bashi har ƙarshen wata, kuma bencinsa majalisa ce da ake jin labarin gari da na rasuwa da na farashin gero. A nan idan santim goma ya gaza maka sai ka ajiye burodin, in ban da shagon da aka san ka sosai. Ban ce ɗaya ya zama ɗaya ba, amma idan za ka buɗe shago ina so ka ɗauki tsabtarsu da tsayayyen ma'auninsu ba tare da ka zubar da gyara da sanayya ba, domin mutanenmu ba za su koma wurin da ba a tambayar su iyali ba.

Wani abin koyi shi ne ba sa barin kaya ya tafi a banza. Kuruwasan da ya kwana ana tsaga shi a cusa masa kirim na almon a sake gasawa a sayar da shi fiye da kuɗin sabo, burodin jiya ya zama soyayyen nan da na ambata ko a niƙa shi gari, abin da ya rage da yamma kuma ana haɗa shi cikin jaka a sayar da kusan sulusin kuɗinsa ta manhajar waya irin su Too Good To Go, ko a ba ƙungiyoyin taimako. Duk da haka ba a cikin hutu suke ba. Bayan tashin farashin lantarki da man shanu da fulawa a 2022, masu gidajen burodi sun yi zanga-zanga a Paris a Janairun 2023, saboda tanda tana cin wuta ƙwarai kuma mutane ba sa yafe ƙarin santim goma a kan baget.

Shawarata a kan jarinka ita ce kada ka fara da kuruwasan. Yana buƙatar ɗaki mai sanyi da firji da ba ya mutuwa da man shanu na musamman mai kitse kashi 84 cikin ɗari, wanda sai an shigo da shi, kuma a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ga ɗaukewar wuta, rana ɗaya za ta iya cinye maka ribar mako. Man shanunmu na Fulani ya fi nasu ƙamshi a miya, amma ba ya tsayawa a faifai a murza shi. Ka fara da baget mai cikakken nauyi, ka sayi sikeli ka ajiye a inda mai saye zai gani, ka rubuta nauyi da farashi a allo, idan fulawa ta tashi ka ƙara kuɗi a fili ka faɗi dalili maimakon ka rage curi. Ka ƙara da burodi mai ƙwai da madara irin wanda suke kira brioche, domin ba ya buƙatar ninki kuma ya dace da bakin mutanenmu masu son laushi da zaƙi. Ka sa akwatin gilashi mai hana ƙuda da ƙura, ka ba alkaki da dubulan da gireba da cincin wuri a cikinsa, ka nemi matan unguwa da suka iya su riƙa kawowa bisa ma'auni ɗaya da farashi ɗaya, a rubuta yawan alkama da zuma da mai na kowane kwaɓi a littafi. Idan akwai fili, tebura kaɗan a inuwa da shayi da ƙwai da masa da safiyar Asabar da Lahadi za su jawo ma'aikata da iyalansu, a farashin da malamin makaranta zai iya biya.

Ka aiko mini da kuɗin buhun fulawa mai kilo 50 a kasuwar Maradi yanzu, da na yis da sukari, da abin da ake biya na lantarki ko itace a gidan burodi matsakaici, da albashin mai gashi. Maigidan shagon unguwarmu ya yarda zai zauna da ni mu fitar da adadin baget da buhu ɗaya zai bayar da kuɗin da kowane zai tsaya, ya kuma ce idan ka samu yaro mai natsuwa zai riƙa nuna masa yadda ake curi da tsaga ta bidiyo. Ka gaishe mini da Inna da kyau, da su Kawu da yara duka.

Ƙaninka, daga Paris.